Turai da Baƙinta: Yadda Hijirar 2015 Ta Girgiza Nahiya Har Iyakarta Ta Iso Agadas

A ranar Juma'a, 4 ga Satumban 2015, dubban mutanen da suka kwashe kwanaki suna kwana a tashar jirgin ƙasa ta Budafes, babban birnin Hangari, suka gaji da jira. Suka saɓa 'ya'yansu, suka ɗauki 'yan komatsansu, suka kama babban titi a ƙasa sun nufi iyakar Ostiriya. Akasarinsu 'yan Siriya ne da Afganistan da Iraƙi. A daren nan shugabar gwamnatin Jamus, Angela Merkel, da takwaranta na Ostiriya suka amince a buɗe musu hanya. Da jiragen suka fara isa birnin Munik, Jamusawa suka cika tasha suna tafi, suna miƙa ruwa da abinci da kayan wasan yara.

Bayan kwana tara, ranar 13 ga watan, Jamus ɗin nan ta mayar da jami'an binciken takardu a kan iyakarta da Ostiriya, iyakar da aka shafe shekaru ana ƙetare ta ba tare da an tsayar da kowa ba. Tafin tasha da shingen iyaka duk a cikin wata guda suka faru, kuma har yau Turai tana kai-komo a tsakaninsu. Wannan lamari ya shafe mu ta fuska biyu. Mafi yawan waɗanda ake muhawara a kansu Musulmi ne, sannan maganin da Turai ta zaɓa ya biyo ta ƙasar Nijar, ta hanyar da 'ya'yanmu suke bi.

Gida ɗaya, ƙofofi da yawa

Bayan yaƙe-yaƙen duniya biyu da suka cinye miliyoyin rayuka, ƙasashen Turai sun ɗauki shekaru suna gina haɗin kai. Babban abin alfaharinsu shi ne yarjejeniyar da ƙasashe biyar suka sa wa hannu a 1985 a wani ƙauye mai suna Shengen, wadda ta fara aiki a 1995. Ta ɗauke binciken fasfo a tsakanin ƙasashen da suka shiga, kuma a yau sun kai 29. Kafin wasu ƙasashe su maido da bincike a kan iyakokinsu, mutum yana iya tasowa daga Fotugal ya isa Polan a mota babu wanda ya tambaye shi takarda.

Sai dai duk wanda ya rushe katangun cikin gida, dole ya san wanda zai tsare ƙofar waje. A nan aka samu tangarɗa. Tsarin Dablin, wanda aka ƙulla a 1990, ya ɗora alhakin mai neman mafaka, a mafi yawan lokuta, a kan ƙasar da ya fara sa ƙafa a cikinta. Wanda ya zo ta teku kuwa Girka zai fara sauka, ko Italiya, ko Malta, ko Sifaniya. Ƙasashen arewa masu arziki suka samu sauƙi, na bakin Bahar Rum suka ɗauki kaya. Muddin baƙin ba su da yawa, tsarin yana ɗingishi yana tafiya. Ko da jirgin ruwa ya nutse a kusa da tsibirin Lamfedusa a watan Oktoban 2013, fiye da mutum 360 suka halaka, an yi juyayi an yi alkawura, amma tsarin bai sauya ba.

Shekarar mutum miliyan ɗaya

A 2015 fiye da mutum miliyan ɗaya suka shiga Turai ta teku. Sama da 800,000 daga cikinsu sun ƙetaro ne daga Turkiyya zuwa tsibiran Girka a cikin kwale-kwalen roba, kimanin rabin dukkan masu zuwan kuma 'yan Siriya ne da yaƙi ya koro. Fiye da 3,700 suka mutu a teku a shekarar. Cikinsu akwai ƙaramin yaro Alan Kurdi, wanda hoton gawarsa a bakin ruwan Turkiyya ranar 2 ga Satumba ya zagaye duniya.

Girka, wadda a lokacin take fama da matsin bashi, ta kasa riƙe su. Jama'a suka bi ta ƙasashen Balkan suka nausa arewa, tsarin Dablin ya tsaya cik. Jamus kaɗai ta yi wa kimanin masu neman mafaka 890,000 rajista a shekarar. Hangari kuwa ta kafa shingen waya mai tsawon kimanin kilomita 175 a kan iyakarta da Sabiya.

Tarayyar Turai ta yi ƙoƙarin raba nauyin. A watan Satumba aka yanke cewa za a kwashe mutum 160,000 daga Italiya da Girka a rarraba su ga sauran ƙasashe. Hangari da Cek da Silobakiya da Romaniya suka kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa, aka rinjaye su, amma a aikace kimanin 35,000 kacal aka kwashe. A 2020 kotun Tarayyar ta yanke cewa Polan da Hangari da Cek sun saɓa doka da suka ƙi karɓar kasonsu, sai dai hukuncin ya zo ne bayan shirin ya ƙare. Nahiyar da ta haɗa kasuwa, da yawa daga cikin ƙasashenta suka haɗa kuɗi, ta kasa haɗa baki a kan wanda zai sauki baƙo.

Wane ne ɗan Turai?

Ƙin karɓar bai tsaya ga lissafin kuɗi da gidaje ba. Firaministan Hangari, Viktor Orban, ya fito fili ya ce yana kare asalin Turai na Kiristanci ne. Gwamnatin Silobakiya ta ce Kiristoci take son karɓa, tana mai kafa hujja da cewa babu masallatai a ƙasar. Daga nan tambayar wanda zai ɗauki nauyi ta koma tambayar wanda ya cancanci zama ɗan gida, kuma Musulunci ya tsinci kansa a tsakiyar muhawarar.

Muhawarar ta girmi 2015. Lokacin da ake rubuta daftarin tsarin mulkin Tarayyar a 2003 da 2004, wasu ƙasashe sun nemi a ambaci Kiristanci da suna a gabatarwa, Faransa ta ƙi, aka tsaya a kan ambaton gadon al'ada da addini ba tare da kama suna ba. A 2004 Faransa ta hana sanya alamomin addini masu bayyana, ciki har da hijabi, a makarantun gwamnati. A 2009 'yan Suwizalan suka kaɗa ƙuri'ar hana gina hasumiyar masallaci, alhali hasumiya huɗu ce kawai a duk faɗin ƙasar. A Jamus, shugaban ƙasa Christian Wulff ya ce a 2010 Musulunci ya zama wani ɓangare na Jamus, sai ga ministan cikin gida Horst Seehofer a 2018 yana cewa sam ba haka ba ne.

Tarihi yana da tasa shaidar. Musulmi sun yi mulki a sassan Andalus daga 711 zuwa 1492. 'Yan Bosniya da Albaniya da Kosobo Turawa ne gaba da baya, kuma ɗaruruwan shekaru ke nan da yawansu suna salla. Tatar sun zauna a Lituweniya da Polan tun ƙarni na 14. Daular Ostiriya ta amince da Musulunci a dokance a 1912. An buɗe Babban Masallacin Faris a 1926 don tunawa da sojojin Musulmi da suka mutu suna yi wa Faransa yaƙi.

Manyan al'ummomin Musulmi na yammacin Turai kuwa gayyato su aka yi. Jamus ta ƙulla yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da Turkiyya a 1961, Beljiyam ta ƙulla da Maroko a 1964, Faransa da Birtaniya suka ɗebo hannaye daga ƙasashen da suka yi wa mulkin mallaka. Jamusawa sun kira su ma'aikata baƙi, bisa zaton baƙo raɓa ne, rana na fitowa zai tashi. Ma'aikatan suka kawo iyalansu, suka haifi 'ya'ya da jikoki waɗanda ba su san wata ƙasa ba sai wannan.

Tsoro da alƙaluma

Adalci ya sa a faɗi cewa tsoron da ya kama jama'ar Turai yana da abin da ya rura shi. A ranar 13 ga Nuwamban 2015 'yan ta'addar ISIS suka kashe mutum 130 a Faris, kuma an gano wasu daga cikin maharan sun saje da ayarin 'yan gudun hijira sun shigo ta Girka. A daren sabuwar shekara aka ci zarafin mata da dama a birnin Kolon, yawancin waɗanda aka zarga baƙi ne. A Disamban 2016 wani ɗan Tunisiya da aka hana shi mafaka ya afka wa kasuwar Kirsimeti a Balin da babbar mota. Waɗannan ayyuka Musulunci ya haramta su, kuma waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu bayan waɗanda aka kashe su ne miliyoyin Musulmin da ba su ji ba ba su gani ba. Ban da wannan, ƙananan hukumomi da yawa sun sha wahalar samar da gidaje da ajujuwa da malaman koyar da harshe a cikin ƙanƙanin lokaci.

Amma tsoro yana ƙara wa abu girma. Cibiyar bincike ta Pew ta ƙiyasta cewa a 2016 Musulmin ƙasashen Tarayyar da Nowe da Suwizalan sun kai kimanin miliyan 26, wato ƙasa da kashi 5 cikin ɗari na jama'a. A shekarar nan wani binciken jin ra'ayi na Ipsos ya nuna Faransawa suna zaton kusan kashi 31 cikin ɗari na ƙasarsu Musulmi ne, alhali ainihin adadin bai kai kashi 10 ba. Haka kuma mafi yawan 'yan Siriyan da suka gudu ba su je Turai ba. Turkiyya kaɗai ta sauki fiye da miliyan uku, ƙaramar Lebanon ta sauki kimanin miliyan ɗaya.

'Yan siyasa sun san amfanin wannan giɓi da ke tsakanin zato da haƙiƙa. Jam'iyyar AfD mai ƙyamar baƙi ta shiga majalisar dokokin Jamus a 2017 da kashi 12.6 cikin ɗari, a Fabrairun 2025 kuma ta zo ta biyu da fiye da kashi 20. Batun baƙi ya taka muhimmiyar rawa a ƙuri'ar ficewar Birtaniya daga Tarayyar a 2016. Giorgia Meloni ta hau mulkin Italiya a 2022, jam'iyyar Geert Wilders, wanda ya yi suna wajen sukar Musulunci, ta zo ta ɗaya a zaɓen Holan na 2023. Kalaman ƙiyayya kuma sun kai ga zubar da jini: a Fabrairun 2020 wani mai aƙidar wariyar launin fata ya harbe mutum tara 'yan asalin ƙasashen waje a garin Hanau na Jamus.

Duk da haka Turai ba baki ɗaya take magana ba. Fafaroma Francis ya kira kowace majami'ar Katolika a Turai ta sauki iyali guda na 'yan gudun hijira, kuma da ya ziyarci tsibirin Lesbos a Afrilun 2016 ya koma Roma da 'yan Siriya 12 a jirginsa, dukkansu Musulmi. Da sunan Kiristanci wani ya kafa shinge, da sunan Kiristancin kuma wani ya buɗe ƙofa.

Iyakar da ta taso ta iso Agadas

Da ƙasashen suka kasa daidaitawa a kan rabon baƙi, sai suka haɗu a kan abu ɗaya: a tare su tun kafin su iso. A Maris 2016 aka ƙulla yarjejeniya da Turkiyya, aka yi alkawarin yuro biliyan shida don kula da 'yan Siriyan da ke can, ita kuma ta tsare gaɓar tekunta. A Fabrairun 2017 Italiya ta ƙulla da Libiya, aka horar da masu gadin teku aka ba su jirage don su riƙa mayar da kwale-kwale baya. A ƙarshen shekarar tashar CNN ta nuna bidiyon yadda ake gwanjon baƙaƙen fata a Libiya, abin da ya sa Najeriya da wasu ƙasashe suka kwaso dubban 'yan ƙasarsu. Daga baya aka yi irin wannan ciniki da Tunisiya a 2023, da Muritaniya da Masar a 2024.

Nijar tana cikin ƙasashen da aka fara da su. A taron Baleta na ƙasar Malta a Nuwamban 2015, shugabannin Turai da na Afirka suka kafa asusun gaggawa da ya fara da yuro biliyan 1.8. Watanni kafin nan, a Mayu, gwamnatin Mahamadou Issoufou ta kafa doka mai lamba 2015-36 da ta haramta safarar baƙin haure. Nijar tana da nata dalilin, domin a Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a sahara kusa da iyakar Aljeriya, galibinsu mata da yara daga yankin Kance na jihar Damagaram, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Amma da tallafi da matsin lambar Turai aka tsananta aiki da dokar daga 2016.

Agadas gari ne da ya rayu a kan ayari tun zamanin raƙuma. Kafin dokar, duk ranar Litinin jerin motoci ke tashi zuwa Dirku da Libiya a bainar jama'a. Direbobi da masu masauki da masu sayar da jarkoki da masu abinci duk a nan suke ci. Aka kama direbobi, aka ƙwace motoci, adadin waɗanda ake ƙirgawa suna wucewa arewa ya faɗi daga sama da 300,000 a 2016 zuwa ƙasa da 100,000 a 2017. Sai dai tafiyar ba ta tsaya ba. Direbobi suka riƙa kauce wa rijiyoyin da jami'an tsaro ke gadi, suna bin hanyoyin da babu ruwa. A tsakiyar 2017 mutum 44, ciki har da 'yan Najeriya da Gana, suka mutu da ƙishirwa bayan motarsu ta lalace a hanyar Dirku.

Akwai kuma wata ɓarna da ba a cika ambata ba. Tun 1979 ƙungiyar ECOWAS ta bai wa 'yan ƙasashenta izinin shiga ƙasashen juna ba biza. Bakano ko Basakkwace da ya je Agadas bai karya doka ba, amma a lokacin aka riƙa tsare motar da ta ɗauko shi bisa zaton inda ya nufa. Don a kare walwalar zirga-zirga a wata nahiya, an tauye ta a wata. A Nuwamban 2023 gwamnatin soja ta Janar Abdourahamane Tiani ta soke dokar.

Ma'auni biyu

A 2022 aka ga wata fuska ta daban. Da Rasha ta afka wa Yukiren, cikin kwanaki kaɗan Tarayyar ta farfaɗo da wata dokar kariya ta wucin gadi da aka kafa tun 2001 ba a taɓa amfani da ita ba, har a 2015. Fiye da mutum miliyan huɗu suka samu izinin zama da aiki da karatu ba tare da dogon layin neman mafaka ba, kuma Polan da ta ƙi karɓar 'yan Siriya tana kan gaba wajen sauke su. Wannan karamci abin yabo ne. Amma ɗaliban Afirka da suka gudo daga yaƙin nan, ciki har da 'yan Najeriya, sun ba da labarin yadda aka riƙa mayar da su baya a tashoshi da kan iyaka, har Tarayyar Afirka ta fitar da sanarwar nuna damuwa. Ya tabbata ke nan ƙarfin saukar miliyoyi yana nan, abin da ke bambanta shi ne wanda aka ɗauka a matsayin ɗan'uwa.

A 2024 Tarayyar ta amince da sabon kundin dokokin hijira da mafaka, wanda aka tsara zai fara aiki a tsakiyar 2026. Ya tanadi tantance mutane a kan iyaka cikin gaggawa, ya kuma bai wa ƙasar da ba ta son karɓar kasonta damar biyan yuro 20,000 a kan kowane mutum. Hangari da Polan ko wannan ba su amince da shi ba. A shekarar kuma Jamus ta faɗaɗa binciken takardu zuwa dukkan iyakokinta na ƙasa.

Abin mamakin shi ne nahiyar tana buƙatar baƙin. Matsakaicin haihuwa a Tarayyar bai kai 'ya'ya 1.5 ga kowace mace ba, tsofaffi na ƙaruwa, masu aiki na raguwa. Gwamnatin Meloni da kanta ta ware guraben ma'aikatan waje kimanin 450,000 daga 2023 zuwa 2025. A Jamus kuwa 'yan Siriya ne suka fi yawa a cikin likitocin da suka zo daga waje.

Namu tudun

Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A 1969 gwamnatin Gana ta kori dubban ɗaruruwan baƙi, ciki har da 'yan Najeriya da Nijar da aka haifa a zangunan can. A 1983 Najeriya ta kori sama da mutum miliyan ɗaya, yawancinsu 'yan Gana. Tarayyar Afirka ta amince da yarjejeniyar walwalar zirga-zirga a 2018, amma an kwashe shekaru ƙasashe huɗu ne kawai suka tabbatar da ita, Nijar na cikinsu, alhali ana buƙatar 15. A ɗaya ɓangaren, Yuganda da Cadi, duk da talaucinsu, kowace tana sauke da 'yan gudun hijira fiye da miliyan ɗaya.

Ga Musulmi, hukuncin mai neman mafaka ba baƙon darasi ba ne. A shekara ta biyar da aiko Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sahabbai suka ƙetare Bahar Maliya zuwa Habasha, wurin sarki Najjashi wanda a lokacin Kirista ne. Ƙuraishawa suka aika jakadu da kyaututtuka don a maido su. Sarkin ya ƙi yanke hukunci sai da ya saurari Ja'afar ɗan Abu Ɗalib, sannan ya mayar da kyaututtukan ya ce baƙinsa ba za su koma ba. Ƙa'idar da yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ta tsaya a kai, cewa ba a mayar da mutum inda ake farautar ransa, an yi aiki da ita a ƙasar Afirka ƙarni goma sha uku kafin a rubuta ta.

Da wannan ma'auni ya kamata mu auna Turai, da shi kuma za mu auna kanmu. Uban da ɗansa ke shirin bin sahara ya kamata ya san cewa shingen da ake tsammani a bakin teku ya daɗe da matsowa kusa, kuma hanyar ta cinye rayukan da babu wanda ya ƙirga. Ɗalibin da zai tafi ta halattacciyar hanya ya san cewa da halinsa za a yi wa addininsa hukunci. Mu da muke gida kuwa, akwai wanda rikici ya koro daga Borno ko Zamfara ko Sudan yana zaune a bayan layinmu, kuma Alƙur'ani ya lissafa matafiyin da guzuri ya yanke masa a cikin mutum takwas da ake bai wa zakka.

Allah Ya mayar da kowane baƙo gidansa lafiya, Ya zaunar da ƙasashenmu, amin.